Farautar barewa a dajin gwamnati a Amurka: dajin kowa ne, amma ba sakakke ba ne

A jihar Wiskonsin da ke arewacin Amurka, ranar Asabar ɗin da ke gabanin bikin godiya na ƙarshen watan Nuwamba, tun ƙarfe huɗu na asuba za ka tarar motoci a-kori-kura sun yi layi a bakin daji. Mutane na fitowa cikin sanyi mai ratsa ƙashi, kowa da riga da hula ruwan lemo mai ƙyalli, fitila ɗaure a goshi, bindiga a kafaɗa. Ranar ce ake buɗe farautar barewa da bindiga, kwana tara kacal, kuma waɗanda ke yankan lasin dominta sun haura rabin miliyan. Da yawansu ba su mallaki ko taku ɗaya na daji ba. Dajin gwamnati suke shiga, inda lebura da likita suke da haƙƙi ɗaya.

Dabbar da ake nema ba barewarmu ta Sahel ba ce, sunan kawai muka ara mata don shi ya fi kusa. Tasu ta fi girma, babban namiji a jihohin arewa yakan kai kilo 70 zuwa 100. Ƙahonsa mai rassa ne, kuma ƙashi ne zalla, yana zubar da shi a ƙarshen hunturu ya tsiro da sabo kowace shekara, mace kuwa ba ta da shi. Iri biyu aka fi farauta: mai farin wutsiya, wadda ta cika gabashi da tsakiyar ƙasar, da mai kunnen alfadari, wadda ke zaune a tsaunuka da fako na yamma.

Wa ke da barewar?

Tushen tsarin a nan yake. A dokar Amurka naman daji ba na mai fili ba ne, na jama'ar jiha ne baki ɗaya, gwamnatin jiha tana riƙe da shi amana. Ko a gonarka barewa ta kwana, ba ka da ikon harbinta sai bisa dokar jiha kuma a lokacin da aka ƙayyade. Abin da mai fili ya mallaka shi ne ikon hana kowa taka masa ƙasa. Saboda haka wanda ba shi da gona kuma ba shi da kuɗin hayar daji, hanyarsa ɗaya ce zuwa ga dabbar da yake da rabo a cikinta, wato filin gwamnati.

Ba a kai ga wannan tsari ta daɗi ba. Zuwa wajen shekarar 1900, masu harbi don kasuwa da masu saran daji sun kusa ƙarar da barewa mai farin wutsiya, ƙiyasi ya nuna abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba. A 1900 aka yi dokar Lacey wadda ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi kuma suka haramta sayar da naman barewar daji, haramcin da yake nan har gobe. A 1937 aka kawo dokar Pittman da Robertson: haraji a kan dogayen bindigogi da harsasai, wanda yau yake kashi 11 cikin ɗari, daga baya aka haɗa da ƙananan bindigogi da kwari da baka. Ana raba kuɗin ga jihohi bisa faɗin ƙasarsu da yawan masu lasin farauta, tarayya ta biya kashi 75 na aiki jiha ta cika 25. Sharaɗin da ya fi kome muhimmanci a dokar shi ne, jihar da ta karkatar da kuɗin lasin zuwa wata hidima ba ta samun ko sisi. Wannan ƙulli ne ya hana 'yan siyasa tsoma hannu a asusun. Yau ana ƙiyasta barewa mai farin wutsiya ta kai wajen miliyan 30, a wasu wuraren ma yawanta ya zama matsala ga manoma da direbobi.

Mai karatu da ya ga yadda cinna wa daji wuta da harbi ba rani ba damina suka share gwanki da kanki daga yawancin dazukan ƙasar Hausa zai gane nauyin wannan lissafi.

Filin gwamnati kala-kala ne

Gwamnatin tarayya na riƙe da eka miliyan 640, kimanin kashi 28 cikin ɗari na ƙasar, kusan ninki uku na faɗin Najeriya. Hukumar kula da filaye da aka fi sani da BLM na da wajen eka miliyan 245, hukumar gandun daji na da miliyan 193, kuma galibin waɗannan a buɗe suke ga mafarauta. Manyan wuraren shaƙatawa na ƙasa irin su Yellowstone ba a farauta a cikinsu. Matattarar namun daji ta tarayya kuwa kowace da nata ƙa'idar, wata a buɗe, wata sai da izini na musamman.

Sai dai rabon ba daidai ba ne. Kusan kashi 80 cikin ɗari na jihar Nebada na tarayya ne, a Tekzas kuwa sama da kashi 90 na hannun masu zaman kansu. Mutumin gabas ya fi dogara da filayen jiha, kamar Fensilbaniya da ke da wajen eka miliyan ɗaya da rabi da aka saya musamman don farauta. Abin da ke rikita baƙo shi ne hukuma biyu yake bi a lokaci guda: dokar farauta ta jiha ce ko da a filin tarayya, amma dokar inda za a shiga da mota, inda za a kafa tanti da abin da za a iya yi wa bishiya ta hukumar da ke da filin ce.

Iyaka ita ce babban tarko. A yawancin jihohin yamma nauyin sanin inda kake a wuyanka yake, ko da babu shinge babu allo. Shi ya sa yanzu kusan kowa ke tafe da manhajar taswira irin onX, wadda ke nuna iyakar kowane fili, kuma ana sauke taswirar tun daga gida don a dawa babu sabis. Akwai ma filayen gwamnati da gonakin mutane suka yi wa zobe ta kowace fuska, wata ƙidaya da aka fitar a 2018 ta ce sun kai eka miliyan 9.52 a yamma. Wani ɓangare na wannan ya samo asali ne tun shekarun 1860, lokacin da gwamnati ta riƙa ba kamfanonin jirgin ƙasa fili murabba'i ɗaya ta riƙe na kusa da shi, ƙasa ta koma kamar gidajen dara, filin gwamnati ba ya taɓa ɗan'uwansa sai a kusurwa. A 2021 wasu mafarauta huɗu 'yan jihar Misuri suka kafa tsani a irin wannan kusurwa a Wayomin, suka tsallaka daga gidan gwamnati zuwa gidan gwamnati ba su taka ƙasar mai gandun ba. Ya maka su kotu cewa sun keta masa sararin sama. A watan Maris na 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba mafarautan gaskiya, ta dogara da wata dokar 1885 da ta hana toshe hanyar filin gwamnati. Hukuncin ya shafi jihohi shida da ke ƙarƙashin kotun ne kawai.

Lasin, tikiti da ƙuri'a

Kafin a sayar maka da lasin, yawancin jihohi sai ka nuna shaidar kammala kwas ɗin kiyaye haɗari, abin da jihar Niyok ta fara wajabtawa a 1949. Lasin izinin fita ne kawai. Kowace barewa ɗaya tana da tikitinta, wanda ya fayyace namiji ko mace, da shiyyar da za a yi harbin. Da tikitin mata ake juya yawan garke, domin namiji ɗaya na iya barbarar mata da yawa, kashe maza ba ya rage haihuwa. In hukuma na son garke ya ƙaru sai ta rage tikitin mata, in ya yi wa daji yawa ta sake shi. A gabas tikiti a kanti ake saye. A jihohi irin Kolorado ƙuri'a ake jefawa tun bazara, wanda bai dace ba a rubuta masa maki, shiyyoyin da ake rububi kuwa mutum kan tara maki shekara da shekaru kafin ya samu.

Lokaci ma an yanka shi gida-gida. Masu kwari da baka ke farawa a Satumba ko Oktoba, sai masu bindiga a Nuwamba, sannan masu bindigar ɗuri, 'yar'uwar adakarmu, galibi a Disamba. A jihohi da yawa ana harbi ne daga rabin sa'a kafin fitowar rana zuwa rabin sa'a bayan faɗuwarta. Haska dabba da fitila a harbe ta laifi ne babba, zuba mata abinci don ta zo kuma haramun ne a yawancin filayen gwamnati. Rigar ruwan lemo dole ce a lokacin bindiga a yawancin jihohi, Fensilbaniya ta ƙayyade inci murabba'i 250 a kai da ƙirji da baya. Barewa ba ta bambance wannan launi da kyau, shuɗi ta fi gani, amma ɗan'uwanka maharbi zai hango ka daga nesa.

Mutane ake fara karantawa kafin dabba

Bambancin dajin gwamnati da gandun mutum ɗaya shi ne cinkoso. Kwana ɗaya ko biyu da fara jin ƙarar bindiga da warin mutane, barewa takan sauya ɗabi'a: ta daina fitowa fili da rana, ta shige sarƙaƙiya ko fadama, ba ta motsi sai dare. Ba ta barin yankin, ɓuya take yi a cikinsa. Don haka gwanin dajin gwamnati in ya buɗe taswira, wurin ajiye motoci da hanyoyin ƙafa yake fara yi wa alama, domin galibin mafarauta ba sa nisa da hanya. Sai ya nemi abin da ke sa mutane kasala: rafin da sai an tsallaka da takalmin roba mai tsawo, hawa mai tsauri, kurmin da sai an sunkuya. Nisa kaɗai ba shi ne magani ba. Sau da yawa wani ɗan lungu mai duhuwa dab da titi, wanda kowa ke wucewa don ya raina shi, nan babban namiji ke kwance. Akwai kuma dabarar cin moriyar cinkoson: a riga kowa shiga, a zauna a mashigar da dabba ke bi in ta tsorata, a daure har tsakar rana lokacin da sauran ke tashi neman abinci suna koro ta ba su sani ba.

Alamun da ake dubawa sanannu ne ga duk maharbi: sawu, kashi sabo mai laushi da sheƙi, makwanci inda ciyawa ta kwanta. Namiji na da nasa biyu, gogar ƙaho da ke saɓule ɓawon ƙananan bishiyoyi, da tonon ƙasa da kofato a ƙarƙashin reshe inda yake fitsari ya bar wari. Kuskuren sabon shiga shi ne ya tare a kan babban tono a bakin fili, alhali da dare ake ziyartarsa. A kaka abincinta 'ya'yan itacen ok ne, wata babbar bishiyar dajin can mai iri fari da ja, ta fi son na farin saboda bai kai na jan bauri ba, in ka samu bishiyar da ke zuba da sabon kashi a gindinta ka samu wurin dako. Makonni biyu na farkon Nuwamba a arewa su ne ganiyar barbara. Gajartar rana ce ke tayar da ita, ba sanyi ba, kuma lokacin ne namiji ke sakin hankalinsa ya yi yawo da rana tsaka.

Duk wannan aikin banza ne in iska ta ci amanarka. Hancin barewa ya fi idonta da kunnenta nesa ba kusa ba, kuma babu sabulu ko turaren da ke ɓoye mutum gaba ɗaya. Ƙa'ida ita ce iska ta taso daga wajen dabba zuwa gare ka, a wurin zama da kuma a hanyar shiga, don wanda ya bi ta inda warinsa zai bugi makwancinta ya gama farautar ranar tun bai zauna ba. A ƙasa mai tudu akwai ƙarin lissafi: da hantsi in rana ta ɗumama ƙasa iska hawa take yi, da yamma in ta huce sai ta gangara kwari kamar ruwa. Shi ya sa ake zama sama da hanyar dabba da safe, ƙasa da ita da yamma. Ana gwadawa da ɗan gari a kwalba ko audugar wata ciyawa mai kama da ta tumfafiya, a saki a ga inda ta nufa.

Mafarautan gabas kan hau bishiya, mita biyar zuwa shida, a kan ɗan dandamalin ƙarfe da ake ɗaurewa da maɗauri. A filin gwamnati galibi an hana kafa ƙusa ko dunƙule a jikin itace, kuma barin dandamali a wuri ba ya mallaka maka wurin, wanda ya riga zuwa shi ke da zama. Abin da ya kamata a faɗa da babbar murya shi ne, faɗowa daga bishiya ya fi harsashi raunata masu wannan farauta, kuma yawanci wajen hawa da sauka ne. Ɗamarar jiki gaba ɗaya da igiyar da ke haɗe da bishiya tun daga ƙasa ba ado ba ne. Bindiga kuma ba a hawa da ita, a cire harsashi a jawo ta da igiya bayan an zauna.

Harbi da bin jini

Wurin saiti ɗaya ne: dabba na tsaye ta ba ka haƙarƙari, ka bi bayan ƙafar gaba ka hau kashi ɗaya cikin uku na jiki. Nan huhu biyu da zuciya suke, faɗinsu kamar faranti. Harbin kai ko wuya ganganci ne, kuskuren yatsa biyu sai ka karya muƙamuƙi dabba ta tafi ta mutu da yunwa. Mai baka ba ya so ya wuce mita 20 zuwa 30, don barewa kan duƙa da jin ƙarar tsirkiya kibiya ta bi ta sama. A dajin kowa kuwa dole ka san abin da ke bayan dabbar kafin ka taɓa kunama. Ba a harbin motsi, ba a harbin abin da ke kan tudu da sarari a bayansa. Musulmin da ke wannan farauta hukuncin da ya sani ne ke kansa: ya ambaci sunan Allah yayin harbi, in ya riski dabbar da sauran rai ya yanka ta.

Bayan harbi, gaggawa ce ke ɓatar da nama. A riƙe wurin da dabbar take tsaye da inda ta ɓace wa ido, sannan a karanta jinin. Ja mai haske da kumfa na huhu ne, a jira rabin sa'a, da wuya ta wuce mita ɗari ko ɗari da hamsin. Ja mai duhu na hanta ne, a ba ta sa'a huɗu ko fiye. In an ga ruwa kore-kore mai wari da ɓarɓashin abinci, tumbi aka fasa, sai haƙurin sa'a takwas zuwa sha biyu. Dalili kuwa shi ne dabbar da aka ƙyale takan kwanta kusa ta mutu a nan, wadda aka tayar kuma takan yi gudun kilomita ba tare da barin jini ba. In ta tsallaka gonar wani, a jihohi da yawa ba ka da ikon bi sai da yardar mai gonar.

Da an same ta, a jihohi da yawa tikiti ake fara cikewa a maƙala mata kafin a motsa ta. Sai fitar da kayan ciki ba jinkiri, don zafin jikinta ne ke fara lalata naman. A kwantar da ita rigingine, kai a sama. A zagaye dubura da wuƙa a 'yantar da ita. A tsaga fata daga mara zuwa ƙashin ƙirji, kaifin wuƙa na kallon sama, yatsu biyu na ƙarƙashi suna danne tumbi. A yanke tantanin da ya raba ƙirji da ciki, a miƙa hannu a datse maƙogwaro can sama, a jawo, kome zai biyo a dunƙule. A kula da mafitsara. Kada a wahalar da kai neman madaciya a jikin hanta, barewar nan ba ta da ita. A kifa gawar jini ya tsiyaye, a tokare ƙirji da sanda iska ta shiga. Burin shi ne nama ya sauka ƙasa da digiri 4 na Salshiyos da wuri, in rana ta yi ɗumi sai a feɗe a sa ƙanƙara.

A nan ne mai nisan kiwo ke biyan bashinsa, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Jan gawar kilo 60 a kan tudu da kwari tsawon kilomita biyu aiki ne na sa'o'i, kuma yakan tsayar da zuciyar wanda ba shi da ƙoshin lafiya. Inda doka ta yarda, a feɗe a wurin, a cire cinyoyi da kafaɗu da naman gadon baya da na wuya a zuba a buhunan yadi a goya. Wasu jihohin yamma na buƙatar a bar alamar jinsi manne da cinya ɗaya don jami'in gandun daji ya tabbatar da tikitin. Sare kai a ɗauki ƙaho a bar nama laifi ne da ke iya jawo tara da ƙwace lasin. Tsokar da ake samu ba ƙashi takan kama kashi ɗaya cikin uku zuwa kashi 40 cikin ɗari na nauyin dabbar tana raye. Harsashin dalma yana tarwatsewa cikin nama, don haka a yanke kewayen raunin da yalwa a zubar. Kalifoniya ma ta hana farauta da shi gaba ɗaya tun 2019.

Cutar da ke canja lissafi

A 1967 aka fara lura da wata cuta a garken barewar da ake bincike a kai a Kolorado, wadda ake kira CWD, cutar rama da lalacewar ƙwaƙwalwa. Ba ƙwayar cuta mai rai ke kawo ta ba, wani furotin ne da ya murɗe, dangin na haukan shanu. Ba ta da magani ko rigakafi, dafuwa ba ta kashe ta, tana daɗewa shekaru a ƙasa, kuma dabba kan ɗauke ta fiye da shekara tana ƙiba kamar lafiyayya. An gano ta a dajin Wiskonsin a 2002, yanzu ta bayyana a jihohi sama da 30. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumar lafiya ta Amurka na ba da shawarar kada a ci naman da gwaji ya nuna yana da ita. A shiyyar da take, ana sa safar hannu wajen fiɗa, ba a sara ƙashin baya ko fasa kai, ba a fita da ƙwaƙwalwa da laka daga shiyyar, ana kai kan wurin gwaji a ciro kaluluwar maƙogwaro, naman kuma ya zauna a firiza da lambarsa har sakamako ya fito.

Mataki na ƙarshe shi ne kai rahoto, ta waya ko intanet ko a tashar bincike, a wasu jihohin cikin sa'a 24. A tashar ma'aikaci kan buɗe bakin dabbar ya duba turamen haƙori, daga fitowarsu da cinyewarsu ya san shekara ɗaya da rabi ce ko uku da rabi, ya rubuta nauyi da shiyya. Daga waɗannan alƙaluma ake lissafa tikitin mata nawa za a sayar a shiyyar baɗi.